Kafin a buga ƙarfen lakwal

Duk wanda ya taɓa kwana a garuruwanmu, daga Tasawa har Mayahi, ya san ƙarar tsohon ƙarfen ƙafar mota da ake ratayewa a jikin dogon yaro a tsakar lakwal, wato makarantar boko. Ana buga shi wajen takwas saura, unguwa ta ɗauka gaba ɗaya. Ta wannan danga ka ji "Kai, ina arduwazinka?", ta waccan ka ji "Ke, aje tulun nan ki wuce, mushe ya shiga!" Ga wani yana gudu da takalmi a hannu, ga wata tana tafe tana ɗaura kallabi, bakinta cike da ɗumame. Mu iyaye mu bi su da "Allah ya ba da sa'a", mu juya kan abin da ke gabanmu, muna ganin mun sauke nauyi.

Amma kafin ƙarfen nan ya yi ƙara, yaranmu sun riga sun yi aikin rabin yini.

Mu a nan yaro makaranta biyu gare shi, kuma ta allo ce gaba. Ana sallame sallar asuba yake ɗaukar allonsa ya nufi zauren malam. In da ɗari ne, su kewaye wutar kara suna biyawa har gari ya yi haske. Wannan ba a ciniki a kansa, ni ma ban ga dalilin da za a yi ba. Abin da ba mu cika lissafawa ba shi ne makarantar allo Alhamis da Juma'a take hutu, lakwal kuwa Asabar da Lahadi. Ke nan ɗan shekara takwas ba shi da rana guda cikakkiya a mako wadda babu mai jiransa da karatu. In ya yi gyangyaɗi a aji da hantsi, kafin mu ce malalaci ne, mu tuna ƙarfe nawa muka tashe shi, ƙarfe nawa kuma muka bar shi ya kwanta.

Namiji ke nan. Ɗiya mace nata lissafin daban ne. Ita ce shara, ita ce wanke-wanke, ita ce riƙon ƙane yayin da inna ke surfe. Ga kuma ruwa. A cikin garin Tasawa ko Mayahi, inda akwai famfo, layin jarka ne: in ruwa ya zo da wuri ta dawo da wuri, in ya yi nawa ita ma ta yi. A ƙauyukan tudu, irin na wajen Urafan ko Gidan Amumun, rijiya ta yi zurfin da sai an ɗaura wa sa ko jaki igiya ya ja guga, kuma yaro ne ke korar dabbar ya je ya dawo, ya je ya dawo. Kafin yarinya ta sauke tulun ƙarshe ta ɗauraye ƙafa, an riga an ɗaga tuta an yi taken ƙasa, an yi kiran suna. Mushe ya tsayar da ita bakin ƙofa. Da yamma a bakin turmi sai ka ji ana cewa malamin nan ya cika tsanani. Ba a cika jin wadda ta ce, "Ni ce na miƙa mata tulu na uku" ba.

Lakwal ta gwamnati ce, ba a biyan kuɗin wata. Abin da take nema a wurinmu, wanda ya fi kuɗi wuyar bayarwa, shi ne hannun yaron. A gidan manomi yaro ma'aikaci ne tun yana ɗan shekara shida: mai kiwon awaki, mai yankan ciyawa, mai kai fura gona, mai talla. Duk sa'ar da ya yi a aji, wani babba ne ya ɗauki aikinsa a gida, kuma yawanci uwa ce. Shi ya sa ba na son in ji ana zagin iyayen ƙauye wai ba su san darajar ilimi ba. Sun san abin da suke biya, a bayansu suke jinsa. Sai dai biyan namu rabi-rabi ne. Mun ba da sunan yaro a rajista, mun riƙe safiyarsa da yammacinsa.

A dubi watan Oktoba. A nan ne ake komawa lakwal, a nan ne kuma wake ke nuna. Hatsi an gama yanka ko ana kan ɗaurin damma, gyaɗa na jiran cira, riɗi na jiran kaɗa, masu aya na jiran tono. Roron wake kuwa aikin ƙananan hannuwa ne, in aka bar shi rana ta fasa kwanson ya zube. Darakta ya buɗe aji ya tarar da yara goma sha cikin sittin. Ya aika a kira uba, uba ya ce, "Mushe, ka yi haƙuri, sati guda dai, mu kwashe abin da Allah ya ba mu." Satin nan kowa ya san tsawonsa. Wani sai an shiga Nuwamba. Ga zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da yara a daidai wannan lokacin, shi ma ya ci nasa kwanakin. A 2024, da ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage komawa zuwa 28 ga Oktoba, manoma da yawa sun ce a ransu bana kam kalanda ta zo daidai da gona. Gaskiyarsu ta wani gefen, amma shekarar karatu ba ta ƙara tsawo don an fara ta a makare.

Ko da yaran sun zo a kan kari, a wurare da dama ajin kansa bai tashi ba tukuna. Ajin zana ne, kuma zana da kara sai an gama girbi ake samunsu. Nan ma aikinmu ne. Mai gari ya sa a yi shela, kowane gida ya kawo damin kara ko zana guda, samari su haƙa ramuka su kafa itace, a yini ɗaya a tayar da rumfa biyu ko uku. Ina son ranar nan, don rana ce da ake ganin lakwal ta gari ce. Amma tun watan Nuwamba na 2021, da gobara ta kama azuzuwan zana a wata lakwal cikin birnin Maradi ta ci yara fiye da 20, bayan irinta da ta auku a unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilun shekarar, babu uban da ke ɗaure zana da zuciya ɗaya. Gwamnati ta hana sa ƴan ƙananan aji na renon yara a irin waɗannan rumfuna, amma na firamare suna nan birjik, kuma ginin siminti ba ya tashi da shela. Abin da ke hannunmu dai kada mu yi wasa da shi: a bar wa kowace rumfa ƙofa biyu, a raba su kada su haɗa jiki, mai tuyar ƙosai ta ja murhunta nesa, ta inda iskar hunturu ba za ta kwaso tartsatsi ba. Duk wanda ya ga an yi sakaci ya faɗa, ko da mai murhun gwaggonsa ce.

Tunda an ambaci ƙosai, ga maganar kuɗin rekre, na sayen abin taɓawa lokacin hutun aji. Dala biyar ne, ko dala goma ga mai hali. A bakin lakwal akwai awara, fanke, kwaɗon zogale, garin rogo da ƙuli. Dala biyar ba komai ba ce a baki, amma mai ƴaƴa huɗu a lakwal dala ashirin ke fita kullum, a kwana ashirin na karatu jika biyu ke nan, ban da alli, ban da kaye, ban da bik ɗin da ke ɓacewa duk mako. Daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da rumbu ya fara nuna ƙasa, shi ne kuma lokacin da ake jarrabawar ƙarshen shekara. Yaron da ya fito da ruwan kunu kawai a ciki, zuwa ƙarfe goma sha ɗaya ba allo yake gani ba. Inda ake dafa wa yara abinci a lakwal, ba sai an kora kowa ba, da kansu suke sammako. Inda babu, uwayen da suka iya sukan rage tuwon dare da gangan don a sami ɗumame, ko su ƙulla wa yaro ɗan curin fura a leda. Ba a rubuta wannan a takardar sakamako, amma yana ciki.

Daga ina kuɗin ke fitowa? Bayan girbi rabin mazan gari sun tafi ci-rani: Kano, Legas, Agadas, wuraren haƙar zinariya, wasu har Libiya da Aljeriya. Uba ya zama murya a waya. Ya aiko da abin da ya samu ta Nita ko Amana, ya tambayi lafiyar kowa, ya tambayi awaki, in an yi dace ya ce, "Yaya karatun yara?" a ce "Lafiya lau", magana ta ƙare. Sauran duk na mace ne. Ita ke cin bashin asusu ta sayi jaka da kaye, ta biya da ribar ƙuli-ƙuli ko tabarmar kaba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka fara a nan jihar Maradi a 1991 kafin su bazu ƙasashe da yawa, sun sa yara a aji fiye da yadda za a iya ƙirgawa. In abin ya yi tsanani, jar akuya ce ke tafiya kasuwa. Ni dai roƙona ga ƴan ci-rani ɗaya ne: in ka kira, ka ce a ba yaron wayar. Ka tambaye shi na nawa ya zo, wa ke koya masa, me aka yi jiya. Yaron da ya san baba zai tambaya daga Legas, tafiyarsa zuwa lakwal daban ce.

Akwai kuma taron iyaye. Wanda muka saba kira kojes, kwamitin da ke kula da lakwal, ga ƙungiyar iyayen yara, ga ta uwaye mata. Wannan tsari ya yi ƙarfi ne tun daga 2004, lokacin da wani shiri da ƴan Japan suka tallafa ya fara a jihar Tawa, inda aka koya wa garuruwa su zaɓi shugabannin kwamiti da ƙuri'ar asiri, su tsara aikin shekara da kansu, daga baya aka yaɗa shi ƙasa baki ɗaya. Inda kwamiti ke da rai, za ka gani da ido: an gyara tebura, an sayi randa, an sami wani saurayi da ya yi kwaleji yana maimaita wa yara lissafi da yamma a gindin bishiya. Inda ya mutu, mutum uku ne ke zama, su ne shugaba, su ne ma'aji, su ne masu bincike. Mu kuwa in an ce taro sai mu ce, "Kuɗi ne za su ce a kawo", mu aika a ce muna gona. Daga baya mu zauna wajen mai shayi muna tambayar ina aka kai kuɗin bara. Wurin tambayar shi ne taron da muka ƙi zuwa. Mata ma su riƙa zuwa su yi magana, ba su zauna can baya a tabarma ba, don su suka san wace yarinya ce ta daina zuwa da dalilin dainawarta, tun kafin darakta ya lura.

Malamin kansa fa? Yawancin masu koyar da ƴaƴanmu ƴan kwantaragi ne, matasa, wani daga Damagaram, wata daga Doso, an turo su garin da ba su san kowa ba. Albashi kaɗan, kuma in ya fito sai an hau babur an je gari an karɓo, kwana ɗaya ko biyu aji a rufe. In ya yi jinkiri a shiga yajin aiki, yara su dawo gida da hantsi suna murna. Muna da haƙƙin mu yi ƙorafi in malami ya mai da fashi sana'a, kuma akwai masu yi. Amma garin da ya ba mushe ɗaki mai ƙofa, ya aika masa da ƙwaryar fura, ya gayyace shi suna da ɗaurin aure, ba ya saurin neman canji. Da yawa cikinmu ba mu taɓa taka lakwal ba sai ranar da aka bugi yaro. Kamata ya yi mushe ya san fuskarka tun ana zaman lafiya. Ka bi ta can ranar kasuwa, ka yi sallama, ka ce, "Mushe, ni ne uban wane, yaya yake yi?" Ko minti biyar ba za ta ci ba. Uwar da alkunya ta hana ta ambaci sunan ɗan fari, ta tura gwaggonsa ko yayarta.

Nisantar nan da muke yi da lakwal tana da asali. Kaburburan sojojin mulkin mallaka Voulet da Chanoine suna nan a Maijirgi tun 1899, kuma garuruwan da rundunarsu ta ƙone a kan hanya ba su manta ba. Waɗanda suka zo da wuta su ne daga baya suka zo da lakwal, suka ce kowane hakimi ya kawo yara. Kakanninmu suka riƙa ɓoye ƴaƴansu a rumbu da cikin dawa. Ba wauta suka yi ba, abin da suka gani ne. Amma yau likitar da ke karɓar haihuwa a asibitin gari, da malamin gona, da magajin gari, ƴaƴanmu ne da suka bi ta ajin zana. Wanda bai natsu da lakwal zalla ba, ga faranko-arab nan, ana haɗa Larabci da Faransanci.

Mu dawo gida, da dare. Yaro ya taso, ya kai awaki, ya yo ciyawa. Yarinya ta ɗauki tallan tuwo ko gyaɗa ta kewaya har magariba. Bayan isha'i kuma allo. Sai can ya tuna mushe ya ba da aiki, ya jawo kaye ƙarƙashin tocila ko ƴar fitilar sola, in babba bai ɗauke ta ba. A nan ne yawancinmu muke ja da baya, mu ce, "Ni me na sani a nasaranci?" Ina ganin mun raina kanmu da yawa. Uwar da ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba tana iya cewa, "Kawo in ga abin da kuka yi yau." Jan bik kowa ya san shi. Shafin da babu komai kowa ya san shi. Tana iya cewa, "Karanta mani in ji, sannan ka faɗa mani da Hausa me aka ce." In ya karanta tar ya kasa faɗin ma'ana, to ta gano abin da ya kamata mushe ya ji. Uba yana iya cewa, "Tiya bakwai a dala ɗari da ashirin, nawa ke nan?" ya ga ko lissafin aji na aiki a kasuwa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, don zuwa lakwal daban, iya karatu daban. A binciken PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashe 10 masu koyarwa da Faransanci, yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A na 2019 an matsa zuwa wajen uku cikin goma. An ci gaba, amma har yanzu bakwai ne ke fita da shekara shida a baya ba tare da sun riƙe abin da aka je nema ba. Ɗaya daga cikin dalilan a fili yake: ɗan shekara bakwai da bai taɓa jin Faransanci ba, ranar farko a CI, ajin farko, da shi ake tarbarsa. Tun 1973 ƙasar nan ke gwada lakwal masu farawa da harshen gida, kuma a watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki. Ko yaushe wannan zai iso allon ajin Korgom ko Kanambakashe, da littattafai da malaman da aka horar, shi ne abin da ya kamata mu riƙa tambaya a taro. Na san akwai iyayen da ke cewa, "Hausa ai a gida ya iya ta, ni Faransanci na kai shi ya koyo." Ina fahimtarsu. Amma wanda ya fara gane yadda baƙi ke zama magana a harshen da yake mafarki da shi, na biyun ba ya ba shi wuya irin ta wanda aka fara da haddar abin da bai sani ba.

Sai shekarar CM2, ajin ƙarshe, wadda ke tona duk abin da aka binne. An jingine jarrabawar kammala firamare ta CFEPD wajen shekara goma, aka dawo da ita a 2024, kuma ba a rubuta yaro sai da takardar haihuwa. Nan za ka ga uba yana zarya tsakanin ofishin magajin gari da gidan alƙali da shaidu biyu, ana ƙiyasin shekarun yaro da "damanar da aka yi fari" ko "shekarar da aka haƙa rijiyar gabas". Abin da aka iya yi kyauta a makon suna, ya koma na kuɗin mota da rantsuwa. Masu sabon goyo su ji wannan tun yanzu, masu yara a CE2, aji na huɗu, kuma su duba ƙasan akwati a daren nan.

In yaro ya ci, murna ta kwana biyu ce, sai tambaya ta taso: kwaleji na gari, wa zai riƙe shi? Namiji akan sami ɗan'uwa a Tasawa ko Mayahi a aika shi da buhun hatsi. Mace kuwa a nan ake yin shiru. Ana tsoron gidan riƙo, inda za ta koma mai aikin gida, ana tsoron bakin mutane, ga kuma masu zuwa gaisuwa sun fara sallama a ƙofar gida. Akwai dokar da aka sa wa hannu a watan Disamba na 2017 don kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16, amma doka ba ta ba ta ɗakin kwana a gari. Tsoron iyaye na gaskiya ne, ba a warkar da shi da faɗa. Na ga unguwar da ta yi dabara: gidaje huɗu suka haɗa ƴan matansu wurin wata dattijuwa ƴar garinsu da ke zaune kusa da kwaleji, kowa na kai tiyar hatsi da wake duk wata, uwaye na zuwa dubawa bi da bi ranar kasuwa. Mu da ke cikin gari, masu ɗaki a zaure ko bayan gida, mu ne ya kamata mu fara aika wa dangi na ƙauye tun kafin sakamako ya fito, mu ce in ta ci a kawo ta, kuma tulu da tallan gidanmu ba nata ba ne.